Na mayar mata da kwano cike, ta shuka na'ana'a a ciki

Assalamu alaikum Anti Turai. Don Allah ki taimake ni kafin babbar sallah, saura mako biyu, kuma na yanke wata shawara da zuciyata ta ƙi kwanciya da ita.

Shekararmu huɗu a garin Greensboro, nan ƙasar waje, a wani gidan haya bayan titin Wendover. Maigidana Yahya a sito yake aiki, in ya fita da sassafe sai magariba. Ƙofarmu tana kallon ƙofar wata tsohuwa Bayahudiya mai suna Shifra, ta haura saba'in, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Ba zan ɓoye miki ba, da na ji Bayahudiya ce sai da na yi wata biyu ina gaishe ta daga nesa. Sai ga shi ita ce ta koya min tuƙi, a filin ajiye motoci na wani kanti da ya rufe, na hau dakali sau uku ba ta yi min faɗa ba. 'Yata Zahara, mai shekara biyar, ta fi zama a falonta fiye da namu. Tsohuwar ma ba ta cin alade, ita ma tana ɗaura ɗankwali, ranar Asabar kuwa, ranar hutun addininsu, ko wayarta ba ta taɓawa. Na ɗauka na gama saninta.

Da na haihu a watan Maris, ba uwa ba gwaggo a kusa, ita ce ta fara shigowa. Ta kawo min taliya da aka gasa da cuku da kirfa da zabibi, a wani farin kwanon tangaran mai shuɗin zane, bakinsa ya ɗan ɓantare. Taliya da sukari fa, Anti. Na fara ci don kunya, na ƙarasa don daɗi. Kwanon nan na san shi. Ta taɓa gaya min na mahaifiyarta ne, a naɗe cikin rigar sanyi uwar ta fito da shi daga Jamus lokacin da ta gudo dab da yaƙin duniya na biyu, dangin da suka tsaya kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

To ni a gidanmu ba a mayar da kwano wayam. Da mahaifiyata za ta ji na yi haka, daga Gusau za ta ja min kunne ta waya. Ina yin arba'in na zage damtse na yi miyar taushe da naman rago na halal, na zuba man shanun da aka aiko min daga gida, wanda ko Yahya sai ranar Juma'a yake ganinsa. Na juye a kwanon nata, na tura shi oben, wato murhun gashi, ya yi zafi sosai don kada a ce na kai mata abu da sanyi, na haɗa da tuwon shinkafa malmala uku.

Ta ɗaga rufin, ta tambaye ni ko nama ne, na ce na rago ne ma. Ta tambaya ko a cikin kwanon na ɗumama, na ce ƙwarai, har da man shanu. Sai ta nemi kujera ta zauna, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi min godiya sau uku. Na dawo gida ina cewa a raina daɗi ne ya kashe mata jiki. Washegari na sa Zahara ta tambaye ta ko miyar ta yi, ta dawo ta ce wai ƙamshinta ya yi.

Mako guda bayan nan na fito shanya, sai na ga kwanon a bakin tagarta, cike da ƙasa, an shuka na'ana'a a ciki. Anti, a garinmu kwanon da ya kai wannan matsayi kaji ake zuba wa ruwa da shi. Na koma ɗaki na yi kuka, don ban taɓa jin an ƙasƙanta ni haka ba. Yahya ya ce ƙyama ce kawai, mu muna cin nasu su ba sa cin namu, ya kuma hana Zahara zuwa. Yarinya kullum tana bakin taga. Ita tsohuwar har yau tana gaishe ni, ranar Juma'a tana ajiye mana burodinta mai kitso a ƙofa, amma yanzu a jakar takarda. Kin ga ai ko kwano ba a yarda da ni ba.

Ga shawarar da na yanke. Ranar sallah zan kai mata cinyar ragon layya guda. In ta karɓa ta ci, shi ke nan. In ta ƙi, na san matsayina, kowa ya kama kansa. Amma ina kewarta, kuma ba ni da wata a garin nan. Me kika gani?

Mai ƙofa ta gabas, Greensboro

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya jariri. Ki ajiye cinyar nan ku yi farfesu da ita, don ba za ta ci ba, kuma ƙin cinta ba zai gaya miki komai game da matsayinki ba.

Na yi shekara shida ina aiki a kicin na wani gidan kula da tsofaffin Yahudawa, a ranar farko na kusa yin irin aikinki da cokali. Masu riƙo da addini a cikinsu ba sa haɗa nama da duk abin da ya fito daga nono, ko madara ko cuku ko man shanu. Tukwanen nama daban, na madara daban, har soson wanke-wanke daban. Naman kuma sai wanda aka yanka bisa ƙa'idarsu. Namu halal ne a wurinmu, amma bai cika nasu sharaɗin ba, kamar yadda ke ma ba kowane naman kanti kike ɗauka ba, kuma ba ki ce kina ƙyamar mai kantin ba.

Kwanon da ya zo da cuku na madara ne. Kin zuba masa nama, kin ƙara man shanu, kin tura shi wuta. In da an ba ki aikin karya dokar nan da gangan, ba za ki fi haka ƙwarewa ba. Tukunyar ƙarfe suna da hanyar tsarkake ta da tafasasshen ruwa. Tangaran kuwa a wurinsu yana shanye abin da aka dafa a ciki, kuma a mafi yawan lokuta ba ya komawa teburi.

Ba ki yi laifi da gangan ba. Tarbiyya kika nuna, ita ma da ta yi miki bayani tun farko da ba a kai nan ba. Ɓacin ranki yana da dalili, haka ma na Yahya. Amma ki sake karanta wasiƙarki. Ke da kanki kika rubuta daga inda kwanon ya fito da abin da ya samu waɗanda aka baro. Matar nan ta fi shekara saba'in tana ci a cikinsa, a ƙofarta ta gane ba za ta ƙara ba, ta dube ki da jariri a baya ta yi godiya sau uku. Ba ta jefar da shi ba, ta sa shi inda za ta riƙa ganinsa. Jakar takardar kuwa don ta hutar da ke ce daga cika wani kwanon.

Ki karanta wa Yahya wannan amsa bayan ya ci abinci. Sannan ki riƙe hannun Zahara ku ƙwanƙwasa, ba ranar Asabar ba. Ki ce kin gane abin da ya faru, ki ba ta haƙuri, ki bar ta ta yi magana. Kada ki sayo mata sabon kwano, wannan ba a sayar da irinsa a Wendover. In hannunki ya ƙi zuwa wayam, ki kai lemo da tuffa ɗanye, ba a yanka ba, ba a ɗumama ba, ba man shanu.

In ta tsinko miki na'ana'ar nan, ki karɓa da hannu biyu ki dafa shayi. Wata biyu ke nan tana ba ta ruwa a tagar da ke kallon ƙofarki, ita kaɗai, tana jiran yarinyar da ta daina zuwa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa a yi sallah lafiya.

Anti Turai