Kwallin da Ke Idon Inna

Tamale, Asabar, goma ga watan Cika-ciki, ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Ina zaune a zaurenka, baƙi sun watse.

Baba, assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma a gidan nan yau babu wanda zan iya yi wa maganar sai kai.

Yau aka yi sadakar fitar Inna daga takaba. An dafa shinkafa da wake, mata sun zo har daga Nyohini. Jiya Dagwamba suka yi wasan wutarsu na Bugum, yaran unguwa sun kusa ƙona danninmu. Na ci jarrabawa, Baba. An ba ni aikin koyarwa a hanyar Choggu, DC, shugaban gunduma, da kansa ya sa hannu. Da babbar salla ƙanenka, Baffa Ali, ya yanka rago a madadinka.

To ga abin da ya hana ni sukuni.

Wayar tangarahon da Baffa ya buga mini kwaleji ta ce ka rasu a daren da aka ga watan azumi. Ta same ni kwana ɗaya bayan na gama takarda ta ƙarshe. Na hau mota, na ƙetare ruwa a Yeji, na iso biyar ga azumi. Kowa na ce mini ka yi dace, ka tafi a wata mai alfarma, ni ma da wannan na riƙa lallashin kaina.

Kai ka koya mini lissafin wata tun ban shiga boko ba. Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Daga ɗaya ga azumi, ta faɗo yau daidai. Har nan babu kuskure.

Amma ranar ashirin da biyar ga watan babbar salla, da safe, Inna ta miƙo mini koko, na ga kwalli a idonta. Siriri ne, kamar ba ta so a gani. Da ta sunkuya, na hango ɗan kunne a ƙarƙashin mayafi. Baba, ka fi ni sanin Inna. Matar da ke sake alwala in ta yi kokwanto ko ta shafi kunne, ita ce za ta sa kwalli saura mako biyu? Ba za ta rage wa Allah kwana ɗaya ba. Sai dai in a nata lissafin takabar ta riga ta cika.

Na ƙirga baya sau uku. Duk sau ukun a tsakiyar Sha'aban nake tsayawa.

Sai na tuna wata magana. Da Azara mai koko, maƙwabciyarmu, ta zo mini gaisuwa, ta ce ita ta dama wa waɗanda suka dawo daga kai ka makwanci da hantsi, har tukunya biyu. Tana faɗa sai ta kama gyaran ɗankwali. A lokacin ban kula ba. Wa ke shan koko da hantsi ranar ɗaya ga azumi?

Tsakiyar Sha'aban na san inda nake. Ranar na rubuta takardar lissafi, ina azumin nafila kamar yadda ka saba mana. Ban taɓa gaya maka ba, amma duk shekarun da na yi a Kudu, kowane ashirin da tara ga wata sai na fita bayan ɗakin kwana na duba sama ina neman jinjirin wata, ɗalibai suna mini dariya. A ranar nan ta tsakiyar Sha'aban na yi maka addu'ar tsawon rai. Ashe kana ƙasa ne a lokacin?

Yanzu kowa nake kallo sai in ga kamar ya sani. Liman ya riƙe hannuna yau ya daɗe, bai dube ni ba. Baffa kuwa da na ambaci Sha'aban sai ya tashi wai zai duba awaki. Unguwa guda ta riƙe magana ɗaya wata huɗu, don ni kaɗai? Inna ta ƙara mako biyu cikin tsohon zane a gaban jama'a don kada in gane. Ban san ko godiya zan yi ba ko fushi.

Ba zan tambaye ta ba. In na tambaya, ko dai ta yi mini ƙarya da bakinta, abin da ba ta yi ba har yanzu, ko ta ga wahalar da ta sha ta tashi a banza. Amma baɗi in Allah ya kai mu, a tsakiyar Sha'aban zan yi maka sadaka, zan kuma ba Inna ta raba da hannunta.

Abin da ban sani ba:
Ko ka yi jinya, da kwana nawa.
Ko ka kira sunana.
Ko Baffa ne ya yanke a ɓoye mini, ko kai ne ka yi wasiyya da haka.
In kai ne, ko ka ɗauka zan zaɓi takarda a kanka.

Allah ya haskaka makwancinka, ko a wane wata ka shige shi.

Ɗanka,
Iliyasu