Masallacin da ba ƙusa a jikinsa

Daga unguwar Danau Kota, Laraba, ƙarfe huɗu na yamma.

Kawu Sale, assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna, ya aikin kafinta cikin kullen nan?

Ka tuna masallacin katako na garin masunta da na yi bincike a kai, wanda ba ƙusa a jikinsa? Ɗazu limaminsu ya kira ni: teku ta karya ginshiƙi ɗaya. Tsohon da ya iya haɗa shi yana asibiti da korona, hanya kuma a rufe. In ba mai gyara, siminti za su zuba.

Na turo maka hotunan mahaɗar katakon, ko idonka zai gano dabarar. Ban san ko hotunan sun isa ba, ko tsohon zai tashi, ko za su jira mu.

A sa mu a addu'a, a gaida Inna.

Ɗanka, Nura