Furen da Baba Ya Rina

Zuwa ga Yaya Ummaru a Kumasi. Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka da ta iyali? Yaya baƙunta?

Bayan haka, idon Baba ya dushe ƙwarai. Matar wani Bature ta aiko a yi mata matashin fata mai furanni, Baba ya hana kowa taɓawa. Ganyen ya fito tsanwa shar, tudu-tudu a yatsa kamar da. Amma ya tsoma hannu a kaskon baƙin rini maimakon na jan rinin karan dafi, furannin duka suka koma baƙi ƙirin.

Ya shafa, ya ce, "Bello, jan ya kama?"

Na ce, "Ya kama, Baba." Na ɓoye matashin.

A gaida mutanen gida. Ka sa Baba a addu'a, ni kuma ka roƙa mini gafara.

Ƙanenka Bello, Ƙofar Taramniya.