Wane Halas Kike Nufi, Wejdan?

Zuwa ga Wejdan 'yar Malam Abubakar, sanyin idona, iskar Bahar Maliya a tsakar zafin Jidda, furen yasmin da ƙamshinsa ke riga shi shiga ɗaki. Amincin Allah ya tabbata gare ki.

Odane Mullings ba zai zauna a Jidda ba. Jiya da hantsi ya shaida wa shugabannin kulob ɗinmu cewa ya zaɓi ƙungiyar nan ta Beljiyam, kuma wakilinsa ya riga ya sanar da su can. Saura gwajin lafiya da sa hannu. Na san yayanki Badr ya kai miki labarin tun kafin la'asar, na kuma san yadda Badr ke ba da labari: ya fara daga ƙarshe, ya ƙara gishiri, ya manta tsakiya. To ga tsakiyar, daga bakin wanda yake cikin ɗakin.

A bakina kawai kika san yaron. Ɗan Jamaika ne daga wani gari na bakin teku, bai daɗe da cika shekara goma sha takwas ba, gefen hagu yake bugawa. Kulob ya kawo shi gwaji, aka haɗa ni da shi tunda ni ne tafinta. Daraktan kulob bai ɓoye mini komai ba. Idan Odane ya sa hannu, za a sabunta kwantiragina da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, in zama mai kula da shi. Idan bai sa ba, aikina zai ƙare tare da kakar wasa. Shi ma Baba, mahaifinki, bai ɓoye mini sharaɗinsa ba: zai ba ni ke, amma ba za a ɗauke ki daga Jidda ba. Kin ga yadda aurenmu ya koma rataye a ƙafar hagun wani yaro da bai taɓa jin sunanki ba!

Ƙafa ce kuwa mai kyau. Na yi shekaru ina rubuta labarin ƙwallo a Kaduna kafin in zo nan, kuma ba kasafai na ga mai gudu irin nasa ba. Idan ya ɗauki ƙwallo a bakin layi, mai tsaron baya sai ya ga ƙura. Amma har yanzu ba ya ɗaga kai ya duba abokan wasa, yana riƙe ƙwallo fiye da kima, kuma idan aka ture shi sai ya tsaya neman alƙalin wasa. Waɗannan ba a atisaye ake gyara su ba, a cikin wasa ake gyara su, mako bayan mako. A nan guraben baƙi sun cika da manyan 'yan wasa da aka sayo da tsada, ba kocin da zai ajiye su ya sa yaro. Zai samu gida mai kyau da mota, ya kuma samu benci. A Beljiyam akwai sanyi, kulob ɗin ƙarami ne, albashin bai kai rabin na nan ba, amma kocinsu na sa yara a fili. Idan ya yi kaka biyu yana bugawa, manyan ƙungiyoyin Turai da kansu za su zo nemansa. Ba ni da shakka a kan wannan.

Makon jiya bayan atisaye, yana kwance igiyar takalmi, ya tambaye ni: "Ankul, da ƙaninka ne, ina za ka ce ya je?" Ya farin watana, a daidai lokacin fuskarki ce ta tsaya tsakanina da shi. Na gan ki sarai, har da ɗan ɗaga girar nan da kike yi idan kina jiran ki ji ko zan yi ƙarya. Na ce masa Beljiyam. Na kuma ce ya kira mahaifiyarsa, kada ya yanke hukunci da maganata kaɗai.

Jiya aka kira mu ofishin darakta. Takardu na kan tebur, ga dabino, ga butar gahawa. Darakta ya yi dogon bayani da Larabci ina juyawa: gida a arewacin gari, mota, tikitin mahaifiyarsa duk lokacin da ta so zuwa. Odane ya saurara har ƙarshe cikin ladabi. Sai ya ga ya dace ya girmama mai gida da harshen mai gida. A zamansa na nan kalmomin Larabci biyu ya tsinta a fili: yalla, wato mu je, da halas, wato shi ke nan. Ya saba jin koci na cewa halas idan an tashi daga atisaye, kowa ya ɗauki jakarsa ya kama hanya. Sai ya ɗora hannu a ƙirji, ya dubi darakta, ya ce, "Halas."

Wejdan, da kin ga ɗakin nan! Darakta ya miƙe yana mabruk, mabruk, ya rungume shi. Aka fara zuba gahawa. Wani ya fita da gudu kiran mai hoto, wani ya zaro rigar kulob daga leda. Kin fi ni sani, a bakin ɗan Jidda da ke zaune gaban takarda, halas na nufin na yarda, kawo alƙalami. Shi kuwa yaron sai murmushi yake, yana mamakin kirkin mutanen da ake ƙin tayinsu suna rungumar mutum.

A ɗakin nan ni kaɗai na san halas biyu ne suka yi karo. Ba wanda ya nemi in fassara komai, ai Larabci aka yi. Da na yi shiru, da an ɗauki hoton an sa a shafin kulob kafin ya gane abin da ya faru, kuma yaro mai shekarunsa, shi kaɗai a ƙasar mutane, ba lallai ya iya janye kalmar da duniya ta riga ta gani ba. Na ce, "Ya ustaz, a dakata da hoton. Halas ɗinsa na tafiya ne." Tun da na fara wannan aiki ban taɓa fassara Larabci zuwa Larabci ba sai jiya. Darakta mutumin kirki ne, bai yi faɗa ba. Ya ajiye kofinsa, ya sake tambayar yaron ta bakina, ya yi masa fatan alheri. Muna fita ya riƙe hannuna ya ce, "Ka san abin da wannan ke nufi gare ka." Na ce na sani.

Da yamma saƙonki ya shigo wayata. Kalma ɗaya. Halas. Na kira, ba ki ɗauka ba.

Ya abar ƙaunata, ya ruwan farko da ke sauka a Jidda bayan an gaji da jira, wane halas kike nufi? Me ya sa kika zaɓi wannan kalma a ranar da ta riga ta ci mini aiki? Na san halas ɗinki biyu, kuma kowanne na iya gane shi ido rufe, muddin na ji muryarki.

Na farko na ji shi a Karantina, tsohuwar unguwarku da aka rushe, ranar da ke da Badr kuka kai ni in ga inda aka haife ki. Babu unguwa, sai fili da tarin duwatsu da iska mai ɗauke da ƙurar siminti. Kika yi ta tafiya kina auna wuri da ido, har kika tsaya a wani waje da bai bambanta da sauran ba, kika ce nan ne ƙofar gidan kakarki Nana Aisha, nan take zama da tandar waina, nan mahajjata daga ƙasar Hausa ke tsayawa idan sun ji harshen gida. Ba ki yi kuka ba. Kika gyara gyalenki, kika ce, "Halas, yalla mu tafi." Kalmar ta fito daga can cikin maƙogwaro, a hankali, kamar ana rufe ƙofar ɗakin da wani ke barci. A ranar na fahimci sharaɗin Baba. Mutanen da kakanninsu suka tako daga yamma da ƙafa, suka haifi 'ya'ya da jikoki a nan, aka kuma rushe musu unguwa suna kallo, ba za su yarda a ɗauke musu 'ya zuwa ƙasar da a labari kawai ta san ta ba. Ban taɓa ganin laifinsa ba.

Na biyu kuwa a bakin teku na ji shi, da la'asar sakaliya, ƙawarki Lubna na zaune nesa kaɗan tana nuna kamar wayarta take dubawa. Na shirya jawabi, kin tuna? Na fara daga asalina, na bi ta karatuna, na shiga niyyata, ban ma kai rabi ba kika ɗaga hannu kika ce, "Halas, ya Musaddiq, ka turo manya ɗinka." Manya ɗinka! Ban taɓa jin Hausar da ta karye ta kuma yi daɗi irin wannan ba. Lubna ta tuntsire da dariya, asirinta ya tonu. Ni kuwa na ga tekun ya sauya launi, na ga rana ta tsaya cak a kan ruwa kamar ita ma tana jiran in amsa, na rasa Hausar, na rasa Larabcin, na rasa Turancin, tafinta guda ya koma bebe.

Rubutun waya ba shi da murya, shi ne matsalar. Amma na karanta saƙonki yadda nake karanta duk abin da ya shige mini duhu, na duba wanda ya rubuta shi. Ke ce kika ce mini haram ne a zaunar da yaro a benci ƙafarsa na ƙaiƙayi. Ke ce kika tambaye ni ko yana cin abincin nan, har kika ce in kai shi ya ɗanɗani kifin unguwar Sa'alaba tunda ɗan bakin teku ne. Macen da ta faɗi haka ba za ta so a gina mata ɗaki a kan shirun da zai cuci ɗan wata ba. Za ki iya zama da mijin da kika san da me ya sayi iƙamarsa? Za ki iya kallon yaron nan a talabijin, yana zaune da rigar sanyi a bayan koci, ki juyo ki kalle ni? Na san ki, Wejdan. Don haka ban ɗauki saƙonki halas na Karantina ba. Na ɗauke shi na fushi da tsoro, irin wanda ke cewa ya isa haka, kada ka yi mini magana yanzu. Kina da haƙƙin wannan. Na yanke shawarar da ta taɓa rayuwarki ban tambaye ki ba, domin a ɗakin babu lokacin tambaya. Ki yi fushin iya yadda kike so, ina nan.

Ban kuma zauna na naɗe hannu ba. Abokina Munir ya haɗa ni da wani asibiti a unguwar Bani Malik da ke neman mai jin Hausa da Larabci da Turanci saboda marasa lafiya baƙi, kuma na riga na gana da su. Akwai wani kamfanin masu umara da ya nemi takarduna. Darakta ya ce ba zai hana a mayar da ni hannun sabon kafili, mai ɗaukar nauyin zamana, ba. Ba zan ce miki an gama ba, domin ba a sa hannu a ko ɗaya ba. Abin da zan iya ce miki shi ne garin da ke karɓar baƙi daga kowace kusurwa ba zai rasa aikin da zai ba mai harshe uku ba. Ko da ta kama in fita, ta ƙofa zan fita, ta ƙofa zan dawo, kuma ba zan taɓa roƙon ki ki bi ni ki bar Jidda ba.

Ya sanyin zuciyata, ya inuwar da nake gudowa idan rana ta buɗe, ina zan kai wannan son in ba wurinki ba? Na saba da tantance kalmomi, in cire wadda ta yi yawa, in bar wadda za ta tsaya da ƙafarta. Na bi wasiƙar nan na nemi abin cirewa a cikin abin da na faɗa game da ke, ban samu ba. Kewarki ta fi laimar watan Agusta nauyi, tana manne da ni a ofis, a mota, a sahun salla. Ki ɗauki wayata ko da don ki yi mini faɗa ne! Faɗanki da Larabci da Hausa a cakuɗe ya fi mini shirun nan sau dubu.

Ba zan bari Baba ya ji wannan labari a bakin Badr kaɗai ba. Na roƙi Alhaji Mailafiya, wanda ya tsaya mini a matsayin uba tun ranar gaisuwa, ya raka ni in faɗa masa da bakina abin da na yi da abin da nake shirin yi. Duk abin da ya yanke, ki riƙe wannan: ke ɗaya na zaɓa, da iƙama ko ba iƙama, ina Jidda ko ina hanyar dawowa cikinta, har ranar da numfashi zai bar ƙirjina.

Naki, wanda ba shi da wata sai ke,
Musaddiq

Badr ya ce Baba zai karɓe mu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Baba bai tabbatar ba tukuna.