Tambayar da Ka Bari a Ɗaki

Malam,

Assalamu alaikum. Ya kwanciya? Na san ba za ka karanta wannan ba, amma shekara talatin kana karantar da 'ya'yan mutane Turanci, ka saba a yi maka magana kana duban wani wuri.

Gida lafiya. 'Yarmu Hadiza ta haihu, namiji, an mayar da sunanka. Durumin ƙofar gida an sare shi, wai za a faɗaɗa titin Ƙofar Durbi. Ɗanmu Sani yana son a gyara ɗakinka a sa ɗan haya. Na hana. Ya ce mi ya sa, na kasa faɗa masa.

Ka tuna ranar ƙarshe, bayan azahar? Zazzaɓi ya ɗauke ka, ka tashi zaune kana koyar da ajin da babu kowa a cikinsa. Kalmar spring ka ɗauko. Ka ce marmaro ne. Ka ce lokacin da itatuwa ke tohowa ne a ƙasar Turawa. Ka ce ƙarfen nan ne mai lotsawa na gado. Sai ka tambayi wa zai ba ka ma'ana ta huɗu, uwar sauran. Ka dubi bango, ka dubi ƙofa, ka dube ni. Haba Malam! Ni da ko aji ɗaya ban yi ba? A haka ka koma ka kwanta, idonka a kaina, kana jira.

Tun ranar ɗakin nan bai daina jira ba. In na shiga shara, sai in ji shirun yara arba'in a bayana. Wallahi tsoro nake ji, kuma kewarka ta fi tsoron.

Na sa Hadiza ta duba mani a waya. Ashe zabura ce. Daga can duk suka fito: ruwa ya zaburo daga ƙasa, ganye daga reshe, ƙarfe in an danne shi.

Jiya da azahar na tsaya a bakin ƙofarka, na ɗaga hannu kamar yadda na ga yara suna yi, na faɗi amsar da ƙarfi. Na jira ka ce daidai ne, zauna. Har aka kira la'asar ina tsaye.

Na ba ka amsa, Malam. Ka sallami ajin nan mana.

Allah ya haskaka makwancinka.

Taka,
Binta, wadda har yanzu ba a ce ta zauna ba