Kaset ɗin Baba Isufu Mai Gurmi

Zuwa ga Alhaji shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Paris,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauran dattawan ƙungiya, da fatan iyali na lafiya. Wasiƙa biyu na aiko a rufe ba amsa, shi ya sa wannan ta fito fili.

Na ɗaya. Bara na je unguwar Minguettes da ke gefen Lyon neman wani abokina, na ji gurmi a bayan wata ƙofa, na ƙwanƙwasa. Haka na san Baba Isufu, dattijo Bagobiri, shekara ashirin yana aikin narkar da ƙarfe a Lyon. Waƙoƙin noma da na maharba yake yi, gadon ubansa. Ni da na tashi a Maraɗi ban taɓa jin su ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa. Asabar huɗu ina zuwa da rikodata har muka cika kaset guda, gaba da baya.

Na biyu. Da hannuna na kawo kaset ɗin ofishinku da ke La Courneuve, don ku saurara ku gayyace shi bikin Salla. Sakatarenku ya karɓa da hannun hagu, ya jefa a aljihun tebur. Ban kwafa ba, wannan wautata ce, na ɗauki laifin.

Na uku. Da na matsa, sakatare ya faɗa mini ba kunya cewa ya ɗauki saƙon gaisuwa ga iyalinsa a kan fuskar farko ta kaset ɗin, ya shafe waƙoƙin da ke kai, ya ba wani matafiyi ya kai Damagaram. Wai ai kiɗa ne kawai. Alhaji, da wa'azi ne ko jawabinka, zai yi haka? Raina ya ɓaci, har yanzu bai huce ba.

A watan jiya likitoci suka yi wa Baba aiki a maƙogwaro. Yatsunsa na nan, amma murya ta tafi, sun ce ba za ta dawo ba.

Fuska ta biyu ce kaɗai ta rage. Ka san al'adarmu: in kaset ya isa gida, juya shi ake yi a ɗauki amsa a bayansa. Ina roƙonka ka sa sakatare ya buga waya Damagaram yau, kada a taɓa shi, a maido mini.

Baba ya rubuta a takarda yana tambayata ko kun ji daɗin waƙoƙin. Ban ba shi amsa ba tukuna.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka yi abin da ya dace.

Wassalam.
Lawali, ɗalibi a Lyon