Kwamitin da Zai Iya Cire Ni

Yendi, daren Laraba

Wata mata daga gidauniyar ilimi ta zo ajinmu daga Akara, babban birni, yau. Ta zauna a benci tana kallon yara suna koyon lissafi a waya. Daga baya ta ce za su tallafa mana mu buɗe aji a Salaga, har su horar da malamanmu. Amma da sharaɗi: sai mun kafa kwamitin amintattu da zai iya cire ni daga shugabancin ƙungiyarmu in na kauce.

Raina ya ɓaci. Ni na fara ƙungiyar nan a zauren Baba da tsohuwar kwamfuta ɗaya, yanzu wasu za su zauna a kaina?

Bayan isha'i na gaya wa Baba. Ya ce, "Rahina, in ina jan salla na yi kuskure a aya, wa ke gyara mini?"

Na ce, "Na bayanka."

"To, don sun gyara mini, sun karɓe limancin?"

Har yanzu abin na ci mini rai. Amma gobe zan je kasuwar doya wurin Hajiya Memuna in roƙe ta ta shiga kwamitin. Ita kam ba ta taɓa jin nauyin gaya mini gaskiya ba.